Sana'ar kai baƙi daji a jahar Tawa: daidai ruwa, daidai tsaki

Yau za mu duba wata sana'a wadda ta taɓa ciyar da iyalai masu yawa a arewacin ƙasarmu, sannan ta durƙushe, wato sana'ar ɗaukar baƙi a kai su daji su ga duwatsu da rairayi da rayuwar makiyaya, abin da ake kira yawon buɗe ido. Dalilin ɗauko wannan magana shi ne halin da matasanmu ke ciki. Jami'ar Tawa, wadda aka kafa a 2010, wadda kuma take ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, Djibo Hamani, tana yaye ɗalibai kowace shekara, alhali kowa ya san gwamnati ba ta iya ba su aiki gaba ɗaya. Ana ce musu su kafa kamfani na kansu. To, wanda ya zaɓi wannan sana'a ta kai baƙi, da me zai fara, kuma wa zai ɗauka? Amsar tana da nauyi, domin jarin da zai zuba sau da yawa kuɗin gonar gado ne ko gumin wani wa da ke can Abijan, kuma abin da zai ɗauka a mota rayukan mutane ne.

Dabarar farawa da kaɗan

A ƙasashen waje an daɗe ana koyar da wata dabara ta kafa kamfani ba tare da ɓarnar jari ba. Asalinta daga masana'antar motoci ta Toyota ne, a ƙasar Japan, inda bayan yaƙin duniya na biyu kuɗi da ƙarfe suka yi ƙaranci, sai suka ɗora wa kansu dokar kada a ƙera abin da ba a nema ba, kada kuma a tara kaya a sito suna jiran mai saye. A 2011 wani Ba'amurke mai suna Eric Ries ya fitar da littafi ya ɗora wannan tunani a kan sababbin kamfanoni. Abin da ya koyar a taƙaice shi ne: duk mai sabuwar sana'a zato yake yi, bai san gaskiyar kasuwa ba tukuna. Saboda haka sai ya fitar da mafi ƙanƙantar abin da za a iya saye, ya kai shi gaban mutane, ya auna abin da suka yi, ya gyara, ya sake kaiwa. In ya ga zatonsa bai yi daidai ba, sai ya sauya hanya tun jarinsa bai ƙare ba. Misalin da aka fi bayarwa a fannin tafiye-tafiye shi ne na kamfanin Airbnb. A 2007 samari biyu a birnin San Faransisko sun ga otal-otal sun cika saboda wani babban taro, sai suka shimfiɗa katifun iska a ɗakinsu suka karɓi baƙi uku. Ba su gina otal ba kafin su tabbatar akwai mai biyan kuɗi ya kwana a gidan wanda bai sani ba.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga Ba'adare. Duk wanda ya san 'yan cin rani na Tamaske ko Kalfu ko Barmu ya san yadda suke farawa in sun sauka Abijan ko Legas. Da tire ake farawa, a ɗora ashana da alewa da sabulu. Abin da ya ƙare kafin la'asar a ƙara shi gobe, abin da ya kwana uku bai motsa ba a daina sayo shi. Daga tire a koma tebur, daga tebur a kama shago. Bambancin kawai shi ne, ɗan tireda yana yin haka ne saboda talauci ya tilasta masa, matashin da ya yi karatu kuwa, ranar da ya samu rancen banki ko tallafin wata ƙungiya, yakan manta da darasin, ya fara da hayar ofis da buga allo da sayen mota, baƙo ko ɗaya bai yi masa alkawari ba.

Abin da ya faru a Agadas

Ba sai mun je Amurka neman misali ba, maƙwabciyarmu Agadas ta ishe mu. Cikin shekarun 1970, bayan fari ya halaka dabbobin makiyaya, Mano Dayak, ɗan Abzin da ya yi zama a Amurka da Faransa, ya kafa kamfanin Temet Voyages. Ya gane cewa akwai Turawan da za su biya kuɗi mai yawa domin a kai su Tenere su kwana a kan rairayi, ya kuma gane cewa babban jarin sana'ar yana nan a hannun mutanensa tun kaka da kakanni: sanin rijiyoyi, sanin hanya inda babu alama, da raƙuma. Tseren motoci na Paris zuwa Dakar, wanda aka fara a watan Disamba na 1978, ya ratsa ta Agadas, ya sa hotunan hamadarmu suka shiga gidajen Turai ta talabijin. Hanyar kwalta ta yuraniyom, daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, ta sauƙaƙa zuwa. A ƙarshen shekarun 1980 har garin Tawa tseren ya yada zango. A 1991 hukumar UNESCO ta sa Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya.

Yadda kamfanonin Agadas suka yi aiki abin koyi ne. Yawancinsu ba su tara motoci da ma'aikata na dindindin ba. In ayarin baƙi ya tabbata, sai a ɗauki kat-kat shata daga masu su, a kira direba da ja-gaba da mai dafa abinci, a yi ciniki da masu raƙuma, a biya kowa gwargwadon kwanakin tafiya. In sanyi ya wuce, zafi ya shigo, baƙi suka ɗauke, kowa ya koma garkarsa ko garkensa ko maƙerarsa, babu albashin da ke cin kamfani. Tsarin ayarin fatake ne, madugu uban tafiya, kowa da kayansa da ladansa. Ta wannan fuska mutanen Agadas sun riga littafin Eric Ries da shekaru talatin.

Amma akwai zato guda da ba su taɓa gwadawa ba, kuma shi ne ya kayar da su har sau biyu: zaton cewa Bature zai ci gaba da zuwa. Mai saye ɗaya ne, daga nahiya ɗaya, cikin watannin sanyi kawai, ta hannun kamfanonin Turai waɗanda ke iya soke Nijar daga takardunsu cikin dare guda. Abin da ya auku a Cintabaradan, a nan jaharmu, cikin watan Mayu na 1990, ya buɗe ƙofar tawaye, sai baƙi suka yanke. Mano Dayak da kansa ya zama ɗaya daga cikin shugabannin tawayen, ya kuma rasu a haɗarin jirgin sama ranar 15 ga Disamba 1995, watanni kaɗan bayan yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu. Daga ƙarshen shekarun 1990 sana'ar ta farfaɗo, musamman da kamfanin Point-Afrique ya riƙa kawo baƙi da jiragen shata daga Faransa kai tsaye zuwa Agadas. Tawaye na biyu ya ɓarke a watan Fabrairu na 2007, da nakiyoyi a kan hanyoyi. Kafin a gama murnar kwanciyarsa a 2009, sai satar mutane ta shigo: a watan Satumba na 2010 aka sace mutum bakwai a Arlit, biyar daga cikinsu Faransawa. Tun daga nan ƙasashen Turai suka shafa wa arewacin Nijar jan launi a taswirorinsu, kamfanonin inshora suka janye.

Direbobi da ja-gabanni ba su zauna ba, sun sauya hanya kamar yadda littafin ya ce. Wasu sun koma ɗaukar baƙin haure zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta aikin, aka kama motoci aka ɗaure mutane, kafin a soke dokar a watan Nuwamba na 2023. Wasu sun tafi haƙar zinariya a Jado da aka gano a 2014. Wannan ya nuna mana cewa sauya hanya kaɗai bai isa abin yabo ba. Wanda bai tanadi mai saye na biyu tun kasuwa tana ci ba, ranar da ta watse duk abin da ya samu shi zai kama, ko da kuwa zai kai shi kurkuku ko ramin da zai rufta da shi.

Wane ne baƙon Tawa?

Wajibi ne mu faɗi gaskiya game da jaharmu. A watan Nuwamba na 2009 'yan bindiga sun yi yunƙurin sace ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a cikin garin Tawa. A watan Oktoba na 2016 an kashe sojoji 22 a Tazalit, kwanaki kaɗan bayan haka aka sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a Abalak, bai samu kansa ba sai a 2023. A 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a Tasara da Tiliya. A watan Maris na 2021 an kashe fararen hula 137 a yankin Tiliya, bisa ƙidayar gwamnati. Har a Kure, kusa da Yamai, inda ake zuwa kallon raƙuman dawa, an kashe Faransawa shida da 'yan ƙasa biyu, direba da ja-gaba, ranar 9 ga Agusta 2020. A 2025 kuma an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas. Saboda haka matashin da ya rubuta tsarin kamfaninsa a kan cewa Turawa za su zo ya kai su Azawak, ya gina ɗaki ne a kan rairayi, kuma duk wanda ya ba shi rance a kan wannan tsari bai taimake shi ba.

Tambayar farko da ya kamata ya gwada ita ce: wa ke iya zuwa yau, da kuɗinsa a aljihu, ba tare da jiran izinin wani ofishin jakadanci ba? In ya duba da kyau zai ga mutane iri huɗu. Akwai 'yan Adar mazauna waje da ke dawowa da salla ko da damina, da 'ya'yansu haifaffun Abijan ko Kano waɗanda ba su san ƙasar kakanninsu ba. Akwai makarantu da jami'a, masu koyar da tarihi da labarin ƙasa da aikin gona a allo, ɗaliban ba su taɓa ganin abin da ido ba. Akwai ma'aikata 'yan wasu jahohi da aka turo Tawa, waɗanda ba su san komi ba bayan ofis da gida da tasha. Akwai kuma 'yan'uwanmu na Sakkwato da Katsina, harshe ɗaya, abinci ɗaya, ko da yake rufe iyaka daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 ya nuna cewa su ma ba a dogara a kansu kaɗai. Ko ɗaya daga cikinsu ba zai biya abin da Bature ke biya ba. Amma ba sa bukatar jirgin shata, kuma in ɗaya ya ɗauke ƙafa sauran uku suna nan.

Abin nunawa kuwa ba mu rasa ba. Ga tafkin Tabalak a kan hanyar Agadas, da masunta da masu garka da tsuntsayen da ke sauka cikin sanyi, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2005. Ga tuddan Keita, inda tun 1984, da taimakon Italiya da hukumar FAO, jama'a, akasarinsu mata, suka jera duwatsu suka haƙa ramuka suka dasa miliyoyin itatuwa a ƙasar da fari ya ƙone. Ga layukan itatuwan tare iska na kwarin Majiya a wajen Buza, da aka fara dasawa a 1975. Ga masallacin ƙasa na ƙauyen Yama, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, ya kuma ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, da ginin Hikma na Dandaji da aka gama a 2018, inda tsohon masallaci ya zama ɗakin karatu. Ga kasuwar Lahadi ta Tawa da dukawa da maƙera da masu cuku. Ga kuma kokowa, wadda a nan Tawa aka yi gasarta ta ƙasa ta farko a 1975. Da yawa daga cikin waɗannan wurare ana iya zuwa a dawo yini guda.

Yadda ake gwaji

Bari mu ɗauka wani matashi yana zaton malaman makaranta da ma'aikata za su so zuwa Keita ranar Asabar. Ba ya bukatar ofis ko mota domin ya san gaskiyar zatonsa. Ya fara zuwa da kansa, ya gai da mai gari, ya nemi wanda ya yi aikin jera duwatsun da hannunsa ya yarda ya ba da labari, ya yi ciniki da matar da za ta dafa abincin rana, ya ji kuɗin shatar mota da na mai. Ya haɗa lissafi, ya san kujera nawa ne za su mayar masa da uwar kuɗi. Sannan ya sa rana, ya aika sanarwa ta WhatsApp, ya ce wanda ke so ya ba da kafin alƙalami. A nan ne awon yake. Mutum hamsin za su ce masa Allah ya sa albarka, wannan addu'a ce, an gode. Wanda ya miƙo jika biyu shi ne mai saye. In kujerun ba su cika ba, ya mayar wa kowa kuɗinsa cif, ya tambaye su dalili: tsada ce, ko ranar ce, ko tsoro, ko kuwa wurin ne bai ba su sha'awa ba. Asararsa ba ta wuce kuɗin motarsa na zuwa da dawowa ba, ya kuma sayi ilimin da wani ke sayar da gona kafin ya samu.

In tafiya ta yiwu, akwai abubuwa uku da zai rubuta a littafi bayan kowace fita: abin da ya rage a hannunsa bayan ya sallami kowa, mutum nawa suka sake dawowa, mutum nawa kuma suka zo saboda wani ya ba su labari. Yawan masu yaba hotuna a Facebook ba ya cikin lissafi. Mota kuwa ba a saye sai littafin ya nuna cewa kuɗin shatar da ake biya a wata ya zarce abin da mota ta kansa za ta ci, da gyaranta da direbanta da watannin da za ta yi a ajiye. Ya kuma tuna cewa kasuwar tana da lokaci: hutun makaranta, bayan salla, watannin sanyi. Sauran watanni sai ya nemi abin da ilimin nasa zai yi, kamar shirya masauki da sufuri ga masu taro ko biki, wato aikin fatoma na da.

Mutanen ƙauye su ma a sa su cikin lissafi tun ranar farko. Da ɗan gari akan ci gari. In mai ba da labari da mai abinci da mai kwalekwale suna samun ladansu a fili, su ne za su fara gaya maka ranar da bai kamata ka zo ba. In kuwa suka ga ana kawo mutane ana ɗaukar su hoto ana wucewa, za su yi shiru, kuma shirun nan yana da tsada.

Abin da ba a yi masa tsimi

A nan ne dabarar farawa da kaɗan take da iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta da babbar murya. Masu kamfanonin kwamfuta suna cewa a fitar da kaya ko da aibi, a gyara daga baya. Wannan ya halatta ga abin da in ya lalace sai a sake kunna shi. Wanda ya ɗauki 'ya'yan mutane ashirin a mota ba shi da wannan dama. Ana iya yin tsimi a kan ofis, da allo, da rigunan ma'aikata. Ba a yin tsimi a kan birki da taya, da ruwan sha mai yawa, da akwatin magani, da inshorar fasinja, da takardun hukuma, da sanar da jandarma da mai gari kafin a tashi, da dawowa kafin faɗuwar rana. Inda mahukunta suka ce kada a je, ba a zuwa, ko da an karɓi kuɗi, ko da baƙin sun nace. Faɗuwar ciniki ana tashi daga gare ta. Haɗari guda ɗaya kuwa, bayan ran da ya salwanta, yana rufe ƙofar ga duk wanda zai zo bayanka na shekaru, kamar yadda Kure ta nuna.

Nauyin mahukunta da iyaye

Ga ma'aikatar da ke kula da yawon buɗe ido da majalisun garuruwa, muna ganin abu uku ba su fi ƙarfinsu ba. Na farko, sharuɗɗan lasisi su yi la'akari da mai fitar yini guda da motar shata, kada a auna shi da ma'aunin babban kamfani mai sayar da tikitin jirgi, amma a tsananta a kan lafiyar mota da inshora. Na biyu, a samu wuri guda da mai sana'a zai tambaya a gaya masa a sarari wace hanya ce a buɗe wannan mako. Na uku, shugabannin makarantu su sa ziyarar wuraren tarihi da na aikin raya ƙasa cikin tsarin shekara, domin ɗalibin da ya ga Keita da idonsa ya fi wanda ya haddace ta fahimtar yaƙi da hamada. Masu ba da tallafi kuma su daina tambayar matashi takarda mai shafi arba'in cike da alƙaluman mafarki. Su tambaye shi fita nawa ya yi, mutum nawa suka biya.

Ga iyaye da yayye masu aiko da kuɗi daga waje, shawara ɗaya ce: ku ba da jarin kashi-kashi, kowane kashi bayan an nuna muku littafi. Kun san yadda kuka fara da tire, kada ku hana ƙannenku wannan makaranta.

Ranar da zaman lafiya ya dawo Azawak da Abzin, baƙin nesa za su dawo, domin sun taɓa dawowa bayan 1995. Wanda za su tarar a shirye shi ne wanda ya yi shekarun nan yana kai 'yan ƙasa Tabalak da Keita da Yama, ya san direbobi, ya san masu gari, ya san lissafinsa, kuma ba zai rufe ƙofa ba in sun sake ɗauke ƙafa. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya sa wa neman matasanmu albarka.